Kafiretar da Tanimu Ya Ara

Tun da na dawo daga ƙasar Damagaram ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Ko ina na zauna, a dakalin ƙofar gidanmu ko a bakin masallacin unguwa, sai wani ya dafa ni ya ce, "Malam Sale, a ba mu labarin Nijar." Sun san halina, in na ga akuya a Tudun Wada, kafin in shigo birni ta zama raƙumi. Na ba su labarin burodi, na ba su na yashi, sun yi dariya har da masu riƙe ciki. Amma akwai sashen da kullum nake tsallakewa, don da baki ba na iya faɗinsa. Shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya, kowa ya karanta a ɗakinsa, a bar ni in huta.

Tafiyar ba tawa ba ce, ta Tanimu ce. Tanimu ɗan kawuna ne, taubashina ke nan. Ya girme ni da shekara shida, amma tun muna yara "bawana" nake ce masa, shi kuma ya ce mini "Sarkin Ƙari". Bakanike ne, garejinsa na nan waje kaɗan da Ƙofar Gayan, kuma in ana maganar tsofaffin motocin daji masu jan ƙafa huɗu, irin waɗanda ake shiga gona da fadama da su, sunansa ake fara kira. Gwanintarsa kafireta, wato 'yar tukunyar nan da ke kan inji, mai gauraya fetur da iska kafin inji ya sha. Motocin yanzu ba su da ita. Tanimu da kunne yake gyara ta. Ya kara kunne, ya juya noti rabin juyi, motar da ta zo tana tari kamar tsohon mai shan taba sai ta koma tana numfashi kamar jariri.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wani dattijo mai suna Malam Ma'aru ya zo daga wani ƙauye arewa da Damagaram, ziyarar malaminsa a nan cikin birnin Zariya. Motarsa ta fara shaƙewa, aka nuna masa Tanimu. Ba wani abu ba ne, datti ne, aikin rabin wuni. To akwai wata ɗabi'a ta makanikai da ya kamata duk mai mota ya sani, ita ce aro. In motoci biyu iri ɗaya suka haɗu a gareji, mai wannan yana tsaye yana duba agogo, mai waccan ya tafi sabgarsa, sai a kwance kayan wanda ya tafi a ɗaura wa wanda ke tsaye, da niyyar gobe a mayar. Ba su ɗauke shi sata ba, taimako suke ce masa. Ranar sai ga wani ɗan kwangila da irin motar, tasa kafiretar ta tsage, yana sauri. Tanimu ya ɗaura masa ta Malam Ma'aru, a kan zai dawo jibi in an samo masa wata. Har yau jibin bai yi ba. Daga baya aka ce a can Mambila aka sayar da motar.

Kunya ta hana Tanimu faɗin gaskiya. Ya ce wa dattijon kafiretarsa ta mutu, kuma irinta ta yi wuya, amma ana nema. Malam Ma'aru ya yi kwana tara a birni ya koma gida a motar haya. Ya dawo sau biyu, sau biyun ana ba shi haƙuri, daga nan ba a sake ganinsa ba. Motar ta zauna a bayan gareji, ita ma aka shiga aron kayanta ɗaya bayan ɗaya, har kaji suka mayar da ita gidan gado.

Bara ƙafafun Tanimu suka fara kumbura. Likita ya ce zuciya ce, ya ajiye sifana ya kwanta. Maimakon ya kwanta, sai na je gaishe shi na tarar ya kori kajin daga motar. Wata huɗu ya yi yana tada motar nan. Duk abin da aka ara ya nemo ya mayar, sai kafireta. Ya aika Kano, ya aika Kaduna, ya aika har Anacha, babu irinta. Ƙarshe ya kwanto ta wata ƙaramar motar gari. Ramukan notinta ba su dace da bakin injin ba, mai walda ya yanka masa farantin ƙarfe ya huda shi ta fuska biyu. Wayar totur ba ta kai ba, ya ƙara mata da wayar birkin keke. Ramin da fetur ke bi ya yi wa wannan babban inji ƙanƙanta, ya zauna da allurar ɗinkin hula yana faɗaɗa shi kaɗan-kaɗan. Na ce masa ya ɗaura wa bijimi hancin kyanwa. Bai yi dariya ba. Ya ce in shirya, ni zan tuƙa, don ƙafarsa ba ta iya taka kuloci. Ya ce yana so ya kai wa mutumin motarsa, ya faɗa masa gaskiya da bakinsa, ya nemi yafiya, tun yana da bakin.

Muka fito ta Ƙofar Doka da hantsi, ranar Talata. Hajiya Binta, matarsa, ta cika mana kwali da tsaraba da magungunansa, ta ja ni gefe ta ce ta ba ni amanarsa, kada in bar shi ya ci gishiri.

Daga Zariya zuwa Kwanar Dangora motar ta yi mana halin kirki, har na fara yi mata kirari. A nan ta fara shan iska ta ƙasan farantin, inji ya riƙa hawa da sauka. Tanimu ya sa na juye tsarabar Hajiya a kujerar baya, ya yanka kwalin ya yi sabon shimfiɗi tsakanin farantin da inji. Haka muka shiga Kano, ƙuliƙuli da kwalaben magani suna yawo a ƙarƙashin ƙafafunmu. A Kano kuwa sai ta tsiro da sabon hali, da na ɗaga ƙafa daga totur sai ta mutu. Na cire takalmi, babban yatsa a birki, diddige a totur, ina tuƙi kamar mai saƙa. Wani ɗan adaidaita ya leƙo ya tambaye ni ko gidan tarihi za mu kai ta. Na ce a'a, biko za mu kai ta. Tanimu ya ɗan murmusa, murmushinsa na farko tun da muka fito.

A Daura muka sauka, gidan wani tsohon abokin aikinsa. Aka kawo tuwo miyar kuka da man shanu, na ci nawa na ci na Tanimu, saboda amanar gishiri. Shi kunu ya sha. A zaune ya yi sallar magariba, na ga ƙafafun sun cika takalminsa har igiyar ta nutse cikin nama. Na ce ko mu koma, in ya so ni in kai motar daga baya. Ya ce motar ba ita ce kayan da ya ɗauko ba.

Washegari muka isa iyaka. A ɓangarenmu jami'in da ya karɓi takardun motar ya daɗe yana juya su, don sun yi ja kamar an jiƙa su a ruwan goro. Ya duba shekarar da aka ƙera motar, ya ce ta girme shi da shekara bakwai, ya kamata ya rusuna ya gaishe ta. Da Tanimu ya yi masa bayani cewa amana ce za a mayar, sai ya daina wasa, ya buga hatimi ya yi mana addu'a. A ɓangaren Nijar muka tarar da abin da ban taɓa gani ba, rana na take tsaka aka rufe tagar ofis, kowa ya tafi ya kwanta, sai bayan azahar sosai. Mu nan ma'aikaci ɓoyewa yake in zai yi barci, su kuwa da izinin hukuma suke yi. Na ce wa Tanimu ni a ƙasar da ba tawa ba aka haife ni.

A wannan jiran ne na fara haɗuwa da burodinsu. Dogo ne kamar sandar makiyayi, ga tauri, in ka rafka wa ɓarawo shi sai an kai shi asibiti. Wata mai dambun zogale ta ga ina kokawa da shi, ta ce mutanen Najeriya haƙoran auduga gare su. Wani jandarma kuma, ƙato, mai gashin baki, ya zagaya motar sau uku, na ce shi ke nan an kama mu. Ashe mahaifinsa ya taɓa tuƙa irinta. Ya roƙi a bar shi ya zauna a gaba. Ya zauna ya riƙe sitiyari, ya sauko ya ɗaga mana ƙarfen shingen da kansa.

Muka ratsa Matamai, la'asar sakaliya muka shiga Damagaram. Masaukinmu zauren wani mai sayar da kilishi ne kusa da tasha, mutumin kirki, sai dai shayi. Shayinsu ba irin namu ba ne na kofi cike da madara. Ɗan mitsitsin gilashi ne, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci, kuma sau uku ake zagayowa, in ka tashi bayan na farko ka yi rashin kunya. Na sha uku, na ji zuciyata tana gudu ta riga ni komawa Zariya.

Da safe mai masaukin ya kai mu wurin wani tsohon bakanike, Malam Laminu, don a duba mana motar kafin mu shiga yashi. Ya ɗaga bonet, ya ga farantin da wayar keken, ya yi dariya har hularsa ta faɗi, sannan ya miƙa wa Tanimu hannu ya ce aikin gwani ne. Amma ya ce wannan kafiretar 'yar kwalta ce, ba ta san tudu ba, da mota ta karkace fetur zai cika ta ya shaƙe injin. Suka duƙufa su biyu, suka lanƙwasa wani ɗan ƙarfe a cikinta don ta rage sha. Na lura duk notin da Malam Laminu ya kwance sai ya sa shi a tafin hannuna, ni da na zo da motar. Na tambaye shi dalili. Ya ce haka suke yi, ba a raba kayan mota da mai ita, ko wanki za a yi sai yana tsaye. Ni da bakina da ba ya zama, na ce mu a wajenmu har aro ake yi. Ya ce ya ji labari, amma nan ba a yi, don wanda ka ari kayan motarsa ba a gefen titi zai tsaya ba, a cikin rairayi zai tsaya, inda babu mai wucewa. Tanimu ya sunkuyar da kai cikin injin, ya daɗe bai ɗago ba.

Daga kwalta zuwa ƙauyen Malam Ma'aru tafiyar wuni guda ce a yashi. Babu hanya, sai sawun amalanke. Na sa giyar taimako, mai sa ƙafa huɗun su ja, motar ta shiga haƙa kamar an sake ta daga kurkuku, ka rantse ta gane gida. Tudu na farko ta haye, na biyu ta haye. A na uku ta karkace, ta yi tari biyu, ta mutu, warin fetur ya cika mu. Tanimu ya fita ya kwanta a kan mudugadi, ya kwance saman kafiretar, ya tsotse fetur ɗin da baki ya tofar. Sau huɗu muka yi haka. A na huɗun ya kasa saukowa, na ɗauko shi kamar yaro na jingina shi da taya ta ɓangaren inuwa. Leɓɓansa sun yi fari, numfashinsa yana fita da ƙara.

Da ya samu kansa ya ce, "Sarkin Ƙari, in ban kai ba, kai za ka faɗa masa. Yadda aka yi za ka faɗa. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Na ce, "Bawana, tashi ka kai kayanka. Ni ban iya labarin da ba ƙari ba."

Muka isa da yamma. Gari ne ɗan ƙarami, bukkoki da 'yan ɗakunan ƙasa, rijiya ɗaya. Tun kafin mu tsaya mutane suka fito, manya na nuna motar suna kiran sunan Allah. Malam Ma'aru yana zaune a rumfar ƙofar gidansa. Ya tsufa ƙwarai, kuma idanunsa sun tafi, amma an ce tun muna bayan tudu ya ce wa na kusa da shi ga motarsa nan tafe. A can ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya sha ya ci. Aka kawo ruwa, aka kawo fura da nonon da ban taɓa shan irinsa ba, aka yanka akuya. Duk wannan lokacin Tanimu yana zaune kamar wanda aka kawo gaban alƙali.

Da aka ɗauke kwanuka ya matsa gaban dattijon. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, ga mota an gyara, a yi haƙuri da jinkiri. Wata huɗu na aiki da kwana uku na hanya, ga shi ya zo bakin maganar ya kasa.

Malam Ma'aru ya yi godiya, ya ce a kama hannunsa a kai shi wurinta. Ya shafa ƙofar, ya shafa gilashin, ya ce in tayar. Na tayar. Ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet, ya karkata kai, daidai yadda Tanimu ke yi.

Ya ce, "Injin nawa ne. Numfashin ba nata ba ne. Ina tawa kafiretar, Malam Tanimu? Ka ce ta mutu, ko gawar ai da ka kawo mini."

Nan Tanimu ya durƙusa a yashi, da waɗannan ƙafafun, ya faɗi komai. Dattin da bai fi wankin rabin wuni ba, ɗan kwangilar, jibin da bai zo ba, ƙaryar da ya yi sau uku. Bai rage ko ɗaya ba. Mutanen da suka taru suka ja baya kaɗan.

Dattijon ya sa na kashe motar. Sannan ya fara magana a hankali, ba faɗa, kamar mai ba da labarin wani. Ya ce a ƙauyukan nan bakwai motar nan kaɗai ce, ita ke kai mara lafiya da mai naƙuda asibiti. Shekarar farko da motar ta kwana a Zariya, autarsa Mariyama ta zo haihuwar fari, abin ya zo da gardama. Aka sa ta a amalanken shanu tun da safe. Ba su kai kwalta ba, ita da abin da ke cikinta. Ya ce zuwansa Zariya na biyu, daga zaman makokinta ya taso, don kada a sake yi wa wata. Bai faɗa wa Tanimu ba a lokacin, don bai ga amfanin ɗora wa mutum nauyi a kan kayan da ya mutu da kansa ba.

Ya ce, "Ka ce mini in dawo bayan Salla."

Tanimu ya kifa goshinsa a yashi.

Malam Ma'aru ya lalubo kafaɗarsa ya ce, "Tashi. Ajali ne, na sani, ko da mota in lokacinta ya yi za ta tafi. Kuma ka taso da ciwo ka zo da ƙafarka, ba kowa zai yi ba. Nawa na yafe maka, duniya da lahira. Nata ba a hannuna yake ba."



Da safe Tanimu ya roƙi a kai shi kabarinta. Wanda ya raka mu shi ne Abdu, mijin marigayiyar, mutum mai kamar shekara arba'in, mara yawan magana. Maƙabartar fili ce kawai, yashi ya shafe komai. Abdu ya nuna wani wuri kusa da wata ƙaya ya ce nan ne, ko nan kusa. Tanimu ya zauna ya yi addu'a mai tsawo. Ban ji abin da ya ce ba, ban kuma tambaya ba.

Kwana biyu muka ƙara. Duka biyun Tanimu ya yi su a gaban motar shi da Abdu, don Abdun ne zai riƙa tuƙa ta. Ya koya masa yadda ake tsotse fetur in ta shaƙe, da yadda ake hawa tudu a miƙe ba a karkace ba, da yadda ake yanka kwali. Ya sa shi ya kwance kafiretar ya ɗaura har sau biyar, ya kama kan Abdu ya kara masa kunne a injin. Ya bar masa sifanunsa duka, har da allurar. Abdu bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ba, amma duk abin da aka nuna masa ya riƙe. Shi ya kai mu kwalta, a motar, ba ta mutu ko sau ɗaya ba.

Dawowa a motocin haya muka yi ta. Daga Damagaram har Ƙofar Gayan ban ƙirga wa Tanimu kalma ashirin ba. Na yi ta jansa da tsokana, na ce ya bar sifanu ya dawo da burodi, duk a banza. Sau ɗaya, muna wuce Kazaure, ya ce da ma ya faɗa tun ranar farko, da mutumin ya nemi wata dabara.

Bai sake zuwa gareji ba. Sati biyar da dawowarmu, ranar Alhamis bayan azahar, Allah Ya karɓi abinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya daidaita tsakaninsa da wadda bai taɓa gani ba. Mai karatu, in ka zo nan ka ce amin.

Kwana uku da binne shi, ina zaune a zaure, waya ta yi ƙara, lambar Nijar. Abdu ne, ya hau tudu ya samu layi. Ban sanar da su rasuwar ba, na kasa. Bayan gaisuwa ya ce jiya sun ɗauko wata mata daga ƙauyen gaba, naƙuda ta tsananta. Motar ta shaƙe sau biyu a hanya, ya yi yadda aka koya masa, ta tashi. Sun kai asibiti, an samu mace, uwa da 'ya suna lafiya. Ya ce Baba, wato Malam Ma'aru, ya ce lallai a faɗa wa Malam Tanimu. Kafin in buɗe baki layin ya yanke.

Na ajiye wayar, na miƙe da sauri zan tafi Ƙofar Gayan in kai masa albishir. Har na sa takalmi ɗaya.